Kiyashi a Zanen Malam Tanɗe

Goggo Mai Shawara,

Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki ce matar nan ta samu taɓin hankali. Ni ma na sha faɗa wa kaina haka. Ba ni da inda zan kai maganar nan. Mahaifiyata hawan jini gare ta, ƙawata guda da na ɗan gutsura wa kuma tsoro kawai ta ƙara min.

Maigidana mai gyaran keken ɗinki ne. Mutum ne mai sauƙin kai, mai raha, ban taɓa jin ya ɗaga min murya ba. Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne, shi ne zaƙi. Tun da na san shi bakinsa bai taɓa zama haka kawai ba. Cakulan a aljihun gaba, alewa a aljihun gefe, wata kuma a cikin kumatu tana jiran layi. In kika ja aljihun teburinsa na shago kina neman sukudireba, sai kin ture minti da biskit kafin ki kai gare ta. Takardar cakulan ma ba ya yar da ita sai ya lashe ta tas. Da can ina yi masa tsiya, in ce ranar da ya yanke a hannu zuma ce za ta fito, shi kuma ya ce ai da ya huta da zuwa kanti.

Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, muna ce masa Auta. Mai zane ne. Shekarun baya wata mujalla ta ba shi shafi guda na zanen barkwanci, sai ya ƙirƙiro wani mutum wai shi Malam Tanɗe, wanda ba abin da ya sa a gaba a duniya sai cakulan da alewa. Duk wanda ya san mu ya san Yayansa ya zana: tumbin, gashin bakin, har da yadda yake fito da harshe gefe in yana ɗaure noti. Wani mako Malam Tanɗe ya zuba narkakkiyar cakulan a keken wani tela maimakon mai, aka ɗinka riga, mai rigar yana tafe karnuka na bin sa suna lasa. Wani mako likitan haƙori ya hango shi tafe, likitan ya fice ta taga. Maigidana bai ji haushi ba ko kaɗan. Yanke shafukan yake yi ya manna a bangon shago. Sunan ya bi shi, har teloli in za su kawo keke sai sun haɗo da ɗan kwalin alewa, wai kada Malam Tanɗe ya yi fushi.

Ni kuma ni ce nake saka launi. Auta yana zanawa da fensir, ya bi da baƙin tawada, ya kawo min takardun. In ɗauke su a kwamfuta, in zauna a ɗan ɗakin da ke kusa da kicin in cike su da kala, in tura wa edita. Auta yakan yi zanen 'yan makonni kafin mujallar ta buga shi, saboda haka duk abin da ya zana ni ce nake fara gani, tun kafin ya fito. Ki riƙe wannan, Goggo, don a nan matsalar take.

Abin ya fara ne kamar wasa. Auta ya kawo shafin da Malam Tanɗe ya kafa baki a famfo ya shanye tankin unguwa duka, mutane na tsaye da bokitai. Na yi dariya, na saka wa ruwan shuɗi mai kyau, na tura. Kafin shafin ya fito sai na lura maigida ya koma yawo da gorar ruwa. Yana cin abinci yana kwankwaɗa, yana gamawa ya sake cikawa. Na ce masa ka zama Malam Tanɗen gaske, muka yi dariya, maganar ta wuce.

Sai na biyu. Wandon Malam Tanɗe ya zame a tsakiyar titi, ya zauna a bakin ƙofa yana huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa. Ban ga abin dariya sosai ba, don mutum mai tumbi ne, me zai sa wandonsa ya zame? Na dai yi aikina. Wata safiya na fito da kwandon wanki na tarar da Baban yara zaune a dokin ƙofa, bel a kan cinya, ƙusa a hannu, harshe a gefen baki. Hatta ƙafar da ya tanƙwashe ita ce ta cikin zanen. Lokacin shafin bai fito ba, ba wanda ya gan shi sai ni da Auta. Na tsaya riƙe da kwandon har ya ɗago ya tambaye ni ko lafiya.

Daga nan na fara duba shafukan da idon da ban saba ba. Shafin an raba shi 'yan akwatuna ne, labari na tafiya daga wannan zuwa wancan. A can ƙasan wani akwati, inda ba mai kula, na ga Auta ya ɗiɗɗiga wasu ƙananan ɗigo a jere. Na ɗauka tawada ce ta fantsama, har zan goge, da na ƙara girman hoton sai na ga kiyashi ne, kowanne da ƙafafunsa. Ga tulin alewa a kan tebur a tsakiyar zanen, amma ba can suka nufa ba. Sun wuce ta ƙarƙashin teburin, sun bi gindin bango, sun shige ƙofar banɗaki. Babu wani barkwanci a kansu, ba a ko ambace su ba. Mako na gaba suna nan, sun ƙaru.

Goggo, gidana ba ƙazamin gida ba ne. Amma yau in kika shiga banɗakinmu za ki gan su a jere a gefen masai. Na zuba ruwan zafi, na fesa magani, na toshe ramin da nake zargi. Suna dawowa. Kwalin cakulan ɗinsa yana kan firji a buɗe, ba su taɓa hawa ba.

Sai allura. Malam Tanɗe ya yini yana neman ramin allura da zare bai samu ba, ya ƙare da zura zaren a ramin wata alewa. Mutumin da da can yake zura zare yana hira ba tare da ya duba ba, yanzu in wani tela ya kawo keke sai ya ce masa ya zura da kansa, wai don ya ga ko ya iya. Ni na san ba haka ba ne. Na je kai masa abinci na gan shi ta ƙofa yana ta dungurar allurar, yana matso da ita yana nesanta ta.

Ƙawata ta ce baki ne, ko kuma hannun Auta ba na lafiya ba ne, duk abin da ya zana sai ya tabbata, in raba shi da mijina tun da wuri. Ban so jin haka ba. Auta a gabana ya zama mutum. Ni na yi masa wankin kayan makarantarsa na ƙarshe, har yau Anti yake ce min, muna tsokanar juna kamar ba surukai ba. Amma ya canza shi ma. Ya daina zama cin abinci da mu. Yakan leƙa shagon Yayansa kusan kullum, ya zauna a kan benci yana kallon sa kawai, sai ya tashi ya tafi.

Ranar da ya kawo shafukan ƙarshe na tare shi a ƙofar ɗakin aikina. Na zayyana masa komai, ruwan, bel ɗin, kiyashin, allurar. Na roƙe shi ya zana Malam Tanɗe yana cikin ƙoshin lafiya, ko yana gudu, ko ma ya bar zanen gaba ɗaya. Ya ce ya gwada, in ya zauna da niyyar abin dariya hannunsa wani wuri yake tafiya. Na ce to me Yayanka ya yi maka? Sai idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Anti, ni fa ba Yaya nake zanawa ba." Ya ajiye takardun a kan kujera ya fita, ko ruwa bai sha ba.

Na zauna na duba fuskar da kyau, kuma gaskiyarsa ne ta wani gefen. A hankali fuskar Malam Tanɗe ta sauya ban lura ba. Kumatun sun zube, akwai furfura a gefen kunne, ga wani tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Mijina ba ya sa tabarau. Ban san mutumin ba, amma kuma kamar na san shi. Na rasa wanda zan tambaya. Iyayensu duk sun rasu. Mahaifin ma ban riske shi ba, ya rasu kafin aurenmu, lokacin maigida yana wani gari yana koyon aiki, Auta ne da mahaifiyarsu suka yi jinya. Ba sa son maganar. Abin da na taɓa ji kawai shi ne ƙusa ce ta soke shi a ƙafa, daga nan bai tashi ba.

Ga shafin da ya hana ni sukuni. Malam Tanɗe yana zaune, ya tsoma ƙafar hagu a robar ruwa, yana cin cakulan yana murmushi. A akwati na gaba ya ɗago ƙafar yana kallon babban yatsansa. A na ƙarshe babu kowa, kujera ce kawai, da takalmi ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, kiyashi na wucewa ta gefensa.

Auta ba ya gaya min kalar da zan saka, wannan aikina ne. Na zaɓi ruwan ƙasa da na saba yi wa fatarsa, na cike ƙafar. Da na zo kan yatsan, wallahi ban san lokacin da hannuna ya koma kan wata kala ba, baƙi-baƙi mai sirkin shuni, na shafa masa har zuwa gindi. Sai da na gama na ga abin da na yi. Na goge, na mayar da ruwan ƙasa, sai ya zama kamar ƙarya na yi. Na gwada zana takalmi na biyu da kaina a akwatin ƙarshe, shi ma ya ƙi zama, kamar na wani baƙo ne da ya zo gaisuwa. Na kashe kwamfutar na fito tsakar gida da rana tsaka.

Baban yara kuwa kwanan nan yana ɗan ɗingishi, ya ce sabon takalmi ne ke matsa masa. Ba ya cire safa a gabana. Mutumin da bai taɓa wanke ko cokali ba, yanzu shi ke wanke safarsa da kansa ya shanya a bayan ɗaki. Ban tambaye shi ba. Tsoro nake ji in ce ya cire in ga kalar da na saka.

Edita yana jiran shafin kafin ƙarshen mako. In na tura, ina jin kamar ni na sa hannu. In na goge, ban san ko zai hana komai ba. In na gaya wa mijina, ina tsoron in raba 'yan'uwa biyu da ba su da kowa sai juna. Ina son mutumin nan, Goggo, da alewarsa da komai, kuma ba na son takalmi ɗaya a ƙofata. Me zan yi?

Taki cikin damuwa,
Mai Saka Launi


'Yata Mai Saka Launi,

Na karanta har ƙarshe, kuma hankalinki ƙalau yake. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma da na kai kan kiyashin nan sai da na ajiye takardar na ɗan zauna. Amma tsoro ba zai yi mana aiki ba yau, saboda haka bari mu ɗauki abin ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, kuma shi ya fi komai: mijinki yana buƙatar asibiti, ba mako mai zuwa ba, ba bayan an gama da edita ba. Ni ba likita ba ce, amma ƙishirwar da ba ta ƙarewa, rama ba dalili, gani da ya fara dushewa, kiyashi a inda mutum ya yi fitsari, duk abubuwa ne da ake yawan gani ga mai ciwon suga. Gwajin jini ne zai tabbatar, ba ni ba. Idan kuma akwai rauni a ƙafar da yake ɓoyewa, to wannan ba abin jira ba ne. Kada ki jiƙa ta a ruwan zafi, kada ki shafa abin da maƙwabta suka ce, kada ki tsaya a kemis. Mutane da yawa suna rayuwa mai tsawo da ciwon nan, da ƙafafunsu biyu, in an tare shi da wuri.

Na biyu, Auta. Ƙawarki tana son ki da alheri, amma ta yi kuskure. Yaron ya gaya miki gaskiya da bakinsa, ke ce tsoro ya hana ki ji. Ki nemi tsohon hoton surukinki, ina kyautata zaton za ki ga tabarau mai ɗaurin zare. Auta ya zauna da mahaifinsa yana ƙaramin yaro, ya ga ciwon nan yana tafiya mataki-mataki, daga gorar ruwa har zuwa ƙusar. Yayansa bai gani ba, yana wani gari. Yanzu Auta yana zama a kan benci yana kallon matakan farko a jikin Yayansa, kuma shi kaɗai a gidanku ya san abin da ke biye. Mai zane yana ganin wuyan riga ya yi yawa tun kafin matar gida ta gani, don ke kullum kina tare da shi. Ba gaba yake hangowa ba, baya yake tunawa. Yadda aka yi har tanƙwasar ƙafa ta zo daidai, wannan ban sani ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar na sani ba. Ɗa dai yakan zauna irin zaman ubansa.

Duk da haka ban wanke shi tas ba. Maganar da ya kamata ya faɗa wa Yayansa a ɗaki, ya kai ta shafin mujalla mutane suna dariya. Na san nauyin baki tsakanin ƙane da wa, na kuma san abin da mutum ya gani yana yaro ba ya faɗuwa da sauƙi. Amma watanni sun tafi a haka. Ki kira shi yau, ba da faɗa ba. Ki ce masa kin gane wanda yake zanawa, kuma kina buƙatar sa a mota tare da ku. Shi zai iya gaya wa likita tarihin mahaifinsu, wanda ku biyu ba ku sani ba. In an je, shi ma a duba nasa jinin, don abin yakan bi gida.

Na uku, maigidanki. Kada ki ɗauke shi sakarai, kuma kada ki tsaya a kansa da wa'azin alewa. Mutumin da ya fara wanke safarsa a ɓoye ya san akwai matsala, tsoro ne ya rufe masa baki. Ki kuma duba inda kuka ajiye shi, dukanku. Shekara da shekaru shi ne Malam Tanɗe. Da wannan sunan ake son sa, da shi ake kawo masa aiki, da shi kike masa tsiya. Ranar da ya ce ya daina cakulan, zai ji kamar ya daina zama kowa. Saboda haka in likita ya sa doka, ku shige ta tare, kwalin ya sauka daga kan firji don kowa, kuma ki sanar da shi a fili cewa ba tumbin kika aura ba. Telolin ma a gaya musu cikin raha su riƙa zuwa da kekensu kawai.

Shafin kuwa, kada ki tura, kada ki goge. Ki gaya wa edita za a makara, ya sa tsoho. Mujalla ba ta mutuwa don mako ɗaya. Bayan an dawo daga asibiti, 'yan'uwan su zauna su dube shi tare, su yanke ko Malam Tanɗe zai ci gaba, da kuma yadda zai ci gaba. Tun farko ba a taɓa tambayar mijinki ba, yanzu lokaci ya yi.

Saura ke. Kin ce hannunki ne ya zaɓi kalar nan ba da saninki ba. 'Yata, Auta bai sa miki kala ba, ba kuma wani abu ne ya kama miki hannu ba. Kina ganin ɗingishin, kina ganin safar a bayan ɗaki, wataƙila hancinki ma ya ji abin da ba ki rubuto min ba. Kin riga kin sani, hannunki ne kawai ya riga bakinki faɗa. Kallon ƙafar ba zai sa mata komai ba, rashin kallon ne yake ba ciwon lokaci.

Idan ya dawo daga shago yau, ki zaunar da shi, ki durƙusa ki cire safar da hannunki. Kada ki yi kuka a gabansa, kada ki ce me ya sa ka ɓoye. Ko me kika gani, ki ɗauko mayafinki ku fita.

Allah ya ba shi lafiya, ya sa kun je a kan lokaci, ya kuma ƙarfafa miki zuciya.

Goggo Mai Shawara